Shan Tabar Wiwi da Sunan Magani: Mas'alar Ciwon Baya a Tsakanin Manoman Rani na Kura da Bunkure

 

Asalin wannan maƙala tambaya ce da wani ɗalibina, mutumin ƙasar Bunkure, ya kawo mini bayan mun tashi daga darasin ƙa'idojin fiƙihu. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wana yana dashen shinkafa a gonakin mutane. Tun damina ƙugunsa ya riƙe, wani ya ba shi wiwi, ya ce ya ji sauƙi. Yanzu yana cewa ai Turawa ma sun mai da ita maganin asibiti, kuma larura tana halatta abin da aka hana. Me zan gaya masa?" Tambayar ba ta wasa ba ce. Mai ciwon yana da iyali, ranar da bai fita ba babu cefane, kuma hujjojinsa biyu kowacce tana da ƙamshin gaskiya. Wanda ya amsa masa da "haramun ne" kawai ya faɗi hukunci, amma bai taɓa shubuhar da ke zuciyarsa ba.

Yadda ciwon yake samuwa

Malaman usulu sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa, don haka sai mu fara daga gona. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta yake bin magudanai zuwa filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. An tsara kashin farko na shirin a kan hekta kusan 22,000. Albarkar da aka samu a bayyane take: shinkafa da alkama da tumatir da albasa, rani da damina. Sai dai hutun da manomin dā yake samu bayan kaka ya tafi. Jikin da ke aikin wata biyar ya koma aikin wata goma sha biyu, kuma yawancin aikin a sunkuye ake yinsa: tada fangali, dashe, cire ciyawa, yanka da lauje, bugu, sannan dakon buhu daga gona zuwa bakin titi. Matan da ke turara shinkafa a garin Kura su ma suna wuni tsakanin ɗaga tukunya da shanya da kwashewa.

Abin da likitoci ke bayyanawa game da irin wannan ciwo mai sauƙin fahimta ne. Tsokar da ke riƙe da ƙashin baya, idan aka ja ta fiye da ƙarfinta ko aka murɗa ta da kaya a ka, wasu ƙananan zaruruwanta kan yage, wurin ya kumbura, tsokar ta ƙanƙame don ta kare kanta. Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi sosai cikin mako shida. Abin da ake ba su shawara shi ne gasa wurin da ɗumi, da tausa, da ci gaba da motsi mai sauƙi maimakon kwanciya, da rage aikin da ya jawo ciwon, sannan maganin rage kumburi na ɗan lokaci ga wanda ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Ciwo ne gama-gari: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da ciwon ƙugu a 2020 da mutum miliyan 619.

Wiwi a wurin magabata

Babu nassin Alƙur'ani ko hadisi da ya ambaci wannan ganye da sunansa, kuma limaman mazhabobi huɗu ba su yi magana a kansa ba, domin shansa bai yaɗu a ƙasashen Musulmi ba sai wajen ƙarni na shida zuwa na bakwai na Hijira. Larabawa suna kiransa hashisha. Masanin tsirrai Ibnul Baiɗar (ya rasu 646 H) ya gan shi a Masar ya siffanta yadda yake taɓa hankalin masu cinsa. Da ya zama annoba sai malamai suka haɗu a kan haramcin shan abin da zai gusar da hankali daga cikinsa, suka saɓa a kan ajin da za a sanya shi.

Shihabuddin Alƙarafi (ya rasu 684 H), a bambanci na arba'in na littafinsa Alfuruƙ, ya kasa masu taɓa hankali gida uku. Muskir shi ne mai gusar da hankali ya bar gaɓoɓin ji, tare da nishaɗi da annashuwa, kamar giya. Mufsid yana gurɓata hankali ba tare da wannan nishaɗin ba. Murƙid kuwa yana ɗauke hankali da ji gaba ɗaya, irin abin da ake yi wa wanda za a yi wa tiyata a yau. Ya sanya hashisha a ajin mufsid, yana mai lura da cewa masu cinta sun fi karkata ga mutuwar jiki da shiru, ba a ganin irin hayaniya da faɗan mashaya giya a wurinsu. Abdullahi Almanufi, malamin Shaihu Halil, ya saɓa masa, kuma hujjarsa ta mai sanin mutane ce: ya ga ana sayar da dukiya don a same ta, mutum kuwa ba ya yin haka sai a kan abin da yake jin daɗinsa. Alhaɗɗabi ya kawo maganganun biyu a farkon Mawahibul Jalil. Ibnu Taimiyya (ya rasu 728 H) ya tafi a kan cewa muskir ce, najasa ce, kuma akwai haddi a kan mai shanta. Azzarkashi na Shafi'iyya (ya rasu 794 H) ya keɓe mata risala guda mai suna Zahrul Arish.

Wannan saɓani yana da amfani a aikace. Hukunci uku ne suka keɓanta da muskir a wurin Malikiyya: haddi, da najasa, da haramcin kaɗan ɗinsa kamar mai yawansa. Wanda ya bi Alƙarafi zai ce mai wiwi a aljihu sallarsa ta inganta, kuma horo ne a kansa gwargwadon ganin alƙali. Sannan, abin da ya fi shafarmu a nan, ƙofar yin magani da ita ba a rufe take ruf ba. Hadisin Ɗariƙ bin Suwaid da Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya hana yin magani da giya ya siffanta ta da cewa cuta ce, yana magana ne a kan giya. A kan sandararrun abubuwa masu gusar da hankali kuwa, Annawawi ya halatta amfani da su domin yanke gaɓar da ta ruɓe, Ibnu Farhun na Malikiyya ma ya rinjayar da haka. A kan wannan asali ne Musulmi suke karɓar allurar barci a ɗakin tiyata ba tare da wani ya yi inkari ba. Malaman yankinmu sun san wannan rabe-rabe tun tuni. Da shi Ahmad Baba na Tambutu ya yi aiki a farkon ƙarni na 17 lokacin da ya ba da fatawa a kan tabar hayaƙi.

Ni dai ra'ayin Almanufi ya fi kwanta mini a kan wiwin wannan zamani, wadda aka yi ta zaɓen irinta don ƙara mata ƙarfi. Hadisin Ummu Salama da ke cikin Abu Dawud, wanda ya haɗa hani a kan mai sa maye da mai kashe jiki, ya game ta ta kowace fuska, duk da maganar da malaman hadisi suka yi a kan isnadinsa. Amma a nan zan ɗauki ra'ayi mafi sauƙi, na Alƙarafi, in gwada mas'alar a kansa. Idan ba ta tsallake a ma'auni mai sassauci ba, babu buƙatar kai ta ga mai tsanani.

Me "Turawa suka halatta"?

A cikin ganyen akwai sinadarai masu yawa, biyu ne suka fi shahara. THC shi ne mai sa maye. CBD ba ya sa maye. Daga waɗannan aka haɗa magunguna ƙalilan masu awo sananne. Amurka ta amince da dronabinol a 1985 saboda amai mai tsanani da ke bin maganin kansa. Birtaniya ta amince da Sativex a 2010 saboda sanƙarewar tsoka a wata cutar laka. A 2018 Amurka ta amince da Epidiolex, wanda CBD ne tsantsa, domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. A Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jeri na huɗu na yarjejeniyar 1961 da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi, amma an bar ta a jeri na ɗaya, wato har yanzu tana ƙarƙashin tsaro mai tsanani. Maroko, ƙasar Malikiyya, ta yi dokar halatta nomanta don magani da masana'antu a 2021.

Saboda haka malamin da zai hau mumbari ya ce wannan tsiro ba shi da amfani ko kaɗan ya faɗi abin da ba haka yake ba, kuma saurayin da ke riƙe da waya zai gane hakan kafin a sallame. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, bai kore amfani daga giya da caca ba, rinjayen zunubi ya tabbatar. Bai kamata mu fi nassi tsanani wajen musun abin da yake tabbatacce ba.

Tambayar ita ce ko ciwon tsokar baya yana cikin abin da aka tabbatar. Rahoton cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka na 2017 ya samu hujja mai ƙarfi a kan daɗaɗɗen ciwo ga manya, sai dai akasarin gwaje-gwajen da ya dogara a kansu na ciwon jijiyoyin ji ne, wanda dabam yake da yagewar tsoka. A 2019 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce kada a rubuta waɗannan magunguna don daɗaɗɗen ciwo. A 2021 ƙungiyar masana ciwo ta duniya ta ƙi goyon bayan amfani da su gaba ɗaya don rage zafi, saboda ƙarancin hujja. Gwajin da ya fi kusa da mas'alarmu an yi shi a wani asibiti a Melbon ta Ostareliya, aka buga shi a 2021: mutum 100 da suka zo da sabon ciwon ƙugu, aka ba rabinsu miligiram 400 na CBD, aka ba sauran abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki, ba a ga wani bambanci ba. Adalci ya sa in ambaci cewa a 2025 an buga sakamakon wani babban gwaji na wani kamfanin Jamus a kan mutum sama da 800 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, aka ga ɗan sauƙi fiye da na waɗanda ba a ba maganin ba. Amma wannan ruwan magani ne da aka tace aka auna, ana ƙara shi ɗigo-ɗigo a gaban likita, ga ciwon da ya wuce wata uku. Nisansa da ƙullin ganyen da ake naɗewa a bakin magudanar ruwa kamar nisan allurar tiyata ne da zaƙami.

To me ya sa wan ɗalibina ya ce ya ji sauƙi? Ban ƙaryata shi ba. THC yana aiki a ƙwaƙwalwa, yana rage damuwa da ciwon, yana kawo barci. Tsokar kuwa tana nan yadda take. Zafin da yake ji shi ne mai gargaɗin da ke hana shi ɗaga buhu kafin rauni ya haɗe, idan aka toshe bakin mai gargaɗi sai a koma gona a ƙara yaga wurin. Ga kuma abu na biyu: ciwon da zai lafa da kansa cikin makonni, duk abin da aka sha a tsakani shi ke kwashe yabo.

Gwada sharuɗɗan larura

Malaman da suka halatta magani da abin da aka hana sun gindaya sharuɗɗa: larura ko buƙata mai tsanani ta tabbata, a rasa halattaccen abin da zai maye gurbinsa, likita masani amintacce ya tabbatar da amfaninsa, a tsaya iya gwargwado, kuma kada cutarwarsa ta fi wadda ake gudu. Sauƙin da aka yi wa Abdurrahman bin Auf da Zubair na sa alharini saboda ƙaiƙayi ya nuna cewa buƙata ma, ko ba ta kai tsoron halaka ba, tana iya jawo rangwame. Don haka ba zan ce ciwon baya ƙaramin abu ne da shari'a ba ta dubawa ba. Wanda ya kasa ruku'u saboda ƙugu ya san girmansa.

Inda mas'alar ta faɗi shi ne sauran sharuɗɗan. Madadin halal yana nan, mai araha, kuma hujjarsa ta fi ta wiwi ƙarfi. Wanda ya ba da shawarar abokin aiki ne ko dillalin da ke cin riba, shaidar mai jawo wa kansa amfani kuwa ba a karɓarta ko a kan kuɗi kaɗan. Gwargwado ba shi yiwuwa, domin babu mai sanin yawan THC da ke cikin naɗi ɗaya. A nan ne maganar "kaɗan da ba ya taɓa hankali" take rushewa: sauƙin da mai shan yake nema shi ne ainihin taɓa hankalin, in bai ji ta a kansa ba sai ya ce ba mai kyau ba ce. Ta fuskar cutarwa kuma, kusan mutum ɗaya cikin goma na masu shanta yakan kamu da jarabarta, adadin ya fi haka ga wanda ya fara tun yana matashi. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a wurare da dama na Turai da Barazil, ya samu cewa masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau biyar. An musanya ciwon mako shida da haɗari ga hankali, wanda yake ɗaya daga cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyayewa.

Sai kuma doka. A 1966 Nijeriya ta yi dokar hana noman wiwi da sayar da ita, aka kafa hukumar NDLEA a 1989. Kiraye-kirayen da aka yi na a halatta nomanta don magani, irin na marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo a 2019, ba su zama doka ba. Shugaba yana da ikon hana ko da abin da asalinsa halal ne saboda maslaha, balle wannan. Maslahar kuwa a bayyane take ga wanda ya duba binciken ƙasa na 2018, wanda ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya da miliyan 10.6, ya kuma nuna cewa kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 a Jihar Kano sun sha wani abu na maye a shekarar da ta gabaci binciken. Mun riga mun ga yadda tiramol da kodin suka shigo da rigar magani. Toshe kafar ɓarna asali ne a mazhabar Malik, kuma da wuya a samu wurin da ya fi dacewa da shi.

Wannan hukunci na wannan sura ce. Da a ce hukumar NAFDAC za ta yi wa wani magani na CBD rajista, likita ya rubuta shi ga yaro mai farfaɗiyar da ta gagari sauran magunguna, ban ga abin da zai hana ba, domin illar haramcin, wato gusar da hankali, babu ita a cikinsa, tsiron kuma mai tsarki ne a mashhurin mazhaba.

Abin da ya rage a kan wasu

Fatawar da ta tsaya a kan ɗan ƙwadago kaɗai ta bar rabin mas'alar. Abin da ke tura shi ga wiwi ko gadagi ko ƙwaya shi ne tsarin jinga: ana biyansa a kan abin da ya gama, ranar jinya kuma ba ta da lada. Hadisin Abu Zarri da ke cikin Buhari da Muslim ya hana ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, ya yi umarni da a taimaka masa idan an ɗora. Shawarar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1967 ta sa kilo 55 a matsayin iyakar abin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai, alhali buhun shinkafar da ake cusawa a ɗinke a gonakinmu ya haura haka nesa. Mai gonar da ya ga yaransa suna busa hayaƙi kafin su shiga fangali, ya kau da kai don aiki ya yi sauri, yana da kaso a cikin laifin. Raba buhu biyu, ko sa mutum biyu a kan ɗaya, ko kawo baro da amalanke, ko sauya wa mai ciwo aiki zuwa ban ruwa na mako biyu, duk suna cikin kyautatawar da ake nema daga gare shi. Limaman Juma'a na Kura da Bunkure sun fi kowa damar faɗin wannan, domin mai gona da ɗan ƙwadago a sahu ɗaya suke tsayawa.

Akwai rangwamen da mai ciwon yake da shi wanda sau da yawa ba a gaya masa. Hadisin Imrana bin Husaini ya ba shi damar salla a zaune idan tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe, ya yi nuni a ruku'u da sujada. Haka nan ya kamata ɗalibin ilimi ya san alamomin da ke nuna cewa ciwon ya wuce tsoka: zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa ko saukar zafi har tafin sawu, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, jini a fitsari, ko ciwon da ke tsananta da dare. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, tsargiya kuma sananniya ce ga masu wuni a cikin ruwan ban gona, tana iya taɓa mafitsara da ƙoda. Mai irin wannan alama a kai shi babban asibitin Kura, in ta kama a wuce da shi asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Duk abin da zai lulluɓe zafin ya jinkirta wannan tafiya cutarwa ce a kan cutarwa.

Ɗalibin ya sake tambayata, "To Malam, in ya riga ya saba fa?" Ibnu Hajar Alhaitami (ya rasu 974 H) yana da fatawa a kan wanda afiyun ya kama har ana tsoron mutuwarsa in ya bari: ya ci iya abin da zai tsare ransa, kuma wajibi ne ya riƙa ragewa sannu a hankali har ya rabu da shi. Wasu suna jawo wannan fatawa zuwa wiwi, amma sharaɗinta bai cika ba, domin barin wiwi ba ya kisa. Abin da ke biyo baya shi ne rashin barci da saurin fushi da ƙin abinci, ya yi tsanani a makon farko, ya lafa cikin mako biyu ko uku. Na ce masa ya sanar da iyalin wan nasa wannan tun kafin ya daina don su yi haƙuri da shi, a zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi tsakanin girbi da sabon dashe, dangi su ɗauke masa cefanen waɗannan kwanaki, kuma in an ga yana surutai ko zargin mutane ba dalili a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ba tare da jira ba.